Kalmar "matsafa" ta yi wa mutanen Haiti kaɗan

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na daɗe ina sauraron shirye-shiryenku, shi ya sa na kasa yin shiru da na ji a rahotonku kan Haiti an kira mutanen ƙasar "matsafa", aka wuce. Ni Musulmi ne, ba kuma kare aƙidar Vudu, addinin gargajiyar mutanen Haiti, na zo yi ba. Amma kalmar nan ta tsaya mini a rai.

Tun 1685 dokar Faransa ta tilasta a yi wa bayin da aka kwaso daga Afirka zuwa yankunan da take mulka, irin su Haiti, baftisma a ɗariƙar Katolika. Sai suka karɓi coci ba tare da sun saki abin da suka zo da shi daga gida ba. Sun yarda da Ubangiji ɗaya, suna kiransa Bondye, sannan akwai iskoki da suke kira lwa. Mutum zai rataye hoton waliyyi Yakubu bisa doki da takobi a hannu, limamin coci ya ga waliyyi, mai ɗakin kuma ya ga Ogu, iskan ƙarfe da yaƙi. Wanda iska ta hau ma "doki" suke ce masa da harshensu, kamar dai yadda 'yan bori ke faɗi a nan ƙasar Hausa.

Ku dubi garin Sodo a ranar 16 ga Yuli. A shekarun baya, dubban mutane kan halarci addu'ar Maryamu a coci, daga nan su taka zuwa inda ruwa ke kwararowa daga kan dutse, su yi wanka da ganyaye da sabulu, su kunna kyandir a gindin bishiya, su yar da tsoffin tufafinsu a wurin. Yawancinsu mutanen da suka cika cocin ne da safe.

Zaman coci da Vudu bai zo da sauƙi ba. A 1935 gwamnati ta haramta abin da ta kira camfi, a 1941 zuwa 1942 cocin Katolika ta bi gida-gida ana ƙona ganguna ana sare bishiyoyin da ake girmamawa. Sai tsarin mulkin 1987 ya soke haramcin, a 2003 kuma Shugaba Aristide ya amince da Vudu a hukumance. Yau cocin Furotesta na ta ƙaruwa, wasu fastocinsu na wa'azi da zafi, duk da haka a gida ɗaya sai ka tarar da uwa 'yar Katolika, ɗa ɗan Furotesta, kaka na yi wa lwa hidima, tukunya ɗaya suke ci.

Abin da ya fi damuna shi ne jinin da wannan zargi ya zubar. Da kwalara ta ɓarke a 2010, an kashe mutane fiye da 40, akasarinsu malaman Vudu, wai su suka turo cutar. Daga baya ta tabbata daga sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya 'yan Nepal ta fito. A Disambar 2024 kuma wani shugaban 'yan daba a unguwar Cité Soleil ya sa aka karkashe mutane fiye da 200, yawanci tsofaffi, don yana zargin sun yi wa ɗansa asiri.

Don Allah idan za ku sake taɓo Haiti, ku kira addinin da sunansa, ku kuma ba mabiyansa da limaman coci dama mu ji daga bakinsu.

Na gode. Wassalam.

Mai sauraronku a kullum,
daga Zariya