In Rubuta Kakanmu Yadda Aka San Shi, Ko Yadda Ya Faɗa Mini?

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, wata magana ce ta tsaya mini a rai, kuma duk wanda zan kai wa ita a cikin dangi yana da nasa rabon a ciki, shi ya sa na rubuto.

Maganar kakana ce, mahaifin babana, Allah ya ji ƙansa. Ya rasu shekarun baya kaɗan, ya haura casa'in. Yana cikin mazan jiya da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Boma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, a Yaƙin Duniya na Biyu. Gwaggona ta ce tunda ni na fi zama da shi, in haɗa tarihinsa a ɗan littafi saboda yaran da ba su riske shi ba.

Da a ce abin da kowa ya sani zan rubuta, da tuni na gama. Mutum ne mai barkwanci. Duk jikan da aka haifa sai ya ba shi muƙami: ni kofur, ƙanwata samanja saboda bakinta, mai yawan kuka kuwa kurtu ne, wai ba a gama horonsa ba. Yakan jera mu fareti da sandarsa a hammata yana "lafrai, lafrai", wanda ya karkace a yanke masa hukuncin cakulkuli. In ya fara labarin yaƙi, sai ya ce sauron Boma sai da bindiga ake kashe shi, kuma sojojin Japan da ya kama da hannunsa yau uku ne, gobe sun zama bakwai. In muka ce Kaka jiya ba haka ka faɗa ba, ya ce ai sauran ɓoyewa suka yi.

Hannunsa kuma a sake yake. Tuƙin mota ya yi bayan ya bar soja, amma kuɗi ba sa kwana a aljihunsa. Na ga ya fita da babbar riga ya dawo babu ita. Abu ɗaya ne ya hana gidansa zaman lafiya: akwai wani gida a nesa da yake aika wa saƙo duk ƙarshen wata, shekara da shekaru, ba wanda ya san dangantakarsu. Kakata ta ɗauka mace ya ajiye a can. In ta tayar da maganar sai ya mayar da ita wasa, ita kuwa ba ta taɓa yin dariyar ba.

Ana saura 'yan watanni ya rasu, na kunna waya don in naɗi labaran nan nasa. Ya nuna wayar ya ce, "Tana ji?" Na ce tana ji. Ranar bai yi wasa ba.

Ya ce a runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma yake. Jirgin ruwa ya ɗauke su daga Legas a 1943, ya zagaya ta Afirka ta Kudu ya sauke su a Bombay ta ƙasar Indiya, daga nan aka tura su kwarin kogin Kaladan a Boma. Ba a ba shi bindiga ba. Cikin 'yan dako yake, adda ce kawai a hannunsa, domin dajin ba hanyar mota, abinci da harsashi jirgin sama ke jefo musu, su kuma su ɗora a ka su bi bayan masu harbi. A watan Maris na 1944 Japanawa suka juyo kansu a wajen garin Kyauktaw, aka ba da umarnin ja da baya. Wani abokinsa da suka shiga soja tare ya samu harbi a cinya. Ya goya shi har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, aka daka masa tsawa ya ajiye shi ko a bar su su biyu. Ya jingina shi a gindin gora, ya bar masa ruwansa, ya ce masa zai dawo. Ba a sake bin ta wurin da shi ba. Bayan Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, da aka dawo da su gida, sai ya nemi mahaifiyar yaron. Gidan da yake aika wa saƙo ke nan, daga tsohuwar har ƙannensa da 'ya'yansu. Ce musu ya yi ɗansu ya cika nan take, bai sha wuya ba.

Da ya gama, abin da ya ce kawai shi ne, "Kofur, ka ji da kunnenka." Bai ce in ɓoye ba, bai ce in faɗa ba.

Baffana kaɗai na kunna wa. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce in goge, wanda Allah ya rufa wa asiri har kabari ba jikansa ne zai tona ba. Na fahimce shi. Lambar yabon yaƙi ta Kaka, wadda ake kira tauraron Boma, a ɗakinsa take rataye, 'ya'yansa sun taso suna alfahari kakansu ya kama Japanawa, ba zai so su ji dako ya yi ba, balle zancen barin aboki a daji. Ni kam ban ga abin kunya ba. Saurayin da bai wuce ashirin ba, ba makami, ya goyi mutum cikin ruwan harsashi, sannan ya shafe fiye da rabin ƙarni yana biyan bashin da ba wanda ya bi shi, ai sai ma ya ƙara girma a idona. Amma ni jika ne, baffa ɗa ne, maganarsa ta fi tawa nauyi.

Wanda ya fi hana ni barci shi ne kakata. Tana nan da ranta, jiki ya yi rauni, kuma har yau in ana yabon mijinta sai ta taɓe baki ta ce, "Ku kuka san shi." Na san abin da take nufi. Amsar tana cikin wayata. In na kunna mata, wataƙila zuciyarta ta wanke. Wataƙila kuma abin ya koma mata wani ciwon, ta ga ta zargi bawan Allah shekara hamsin a kan alheri, ga shi babu shi balle ta nemi gafararsa.

To Malam, tambayar da ya yi ko wayar tana ji, izini ne ya ba ni, ko amana ce ya ɗora mini? In izini ne, da wa zan fara, da kakata ko da babana? Littafin kuma, ya halatta in cika shi da fareti da sauron Boma in yi shiru a kan sauran, alhali na san yaran za su ɗauka iyakar mutumin ke nan? Su kuma mutanen wancan gidan, na fi karkata ga in bar su da abin da ya faɗa musu, sai dai in Malam ya ga akasin haka.

Gwaggo tana ta tambayata inda aka kwana, ni kuma uzurina ya kusa ƙarewa. Allah ya saka da alheri.

Wassalam,
wani jikan tsohon soja