Godiya ga ofishin da ya nuna mini zaman ranar Asabar

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga ma'aikatan wani ƙaramin ofishin ba da shawara ga masu fama da shaye-shaye a nan Kaduna, musamman dattijuwar da ke teburin bakin ƙofa, wadda kowa ke ce wa Mama. Ba zan faɗi sunana ba, na kuma san su ne za su fara gane dalili.

Shekara 11 na yi ina shan giya. A unguwarmu ana ganina a sahun Magariba, amma da an idar da Isha'i sai in tsallaka gada in nufi Kakuri ko Sabon Tasha, inda ba wanda ya san gidanmu. Da kwalba ɗaya na fara. A ƙarshe sai da ta kai in ban tsotsi 'yar leda da asuba ba, hannuna ba ya daina rawa har in iya riƙe sitiyari.

Ba wai ban nemi mafita ba. Na sha rubutu, na sha jiƙe-jiƙe, na kashe kuɗin da ya kamata a ce na makarantar 'ya'yana ne. Kawuna ya kawo shawarar a kai ni gidan mari, mahaifiyata ta ce ba da ɗanta ba, domin ba ta manta abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa a 2019 ba, inda aka fito da mutum kusan 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Na je wani asibiti, mai ba da kati ya ɗaga murya a gaban layi ya ce, "Kai ne na giyar?" Na juya, ban sake komawa ba.

Da wannan zuciyar na shiga ofishin nan, na shirya shan wa'azi ko wulaƙanci. Mama ta ɗago kai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Zauna ka sha ruwa tukuna." Na kasa riƙe kofin, ruwan yana zuba a kan rigata. Ba ta kawar da kai ba, ba ta kuma zura mini ido ba, sai kawai ta sa hannu ta tallafi gindin kofin har na sha. Wallahi a nan hawaye suka zo mini.

Ta tambaye ni yaushe na sha ta ƙarshe. Da na faɗa, ta ce kada in kuskura in yanke ta lokaci guda ni kaɗai a ɗaki, domin wanda jikinsa ya saba, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya shiga jijjiga da gane-gane, har a rasa rai. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Ta tura ni ganin likita a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, sannan ta yagi takarda ta rubuta rana da lokacin wani zama, ta ce, "Ɗana, in likita ya gama nasa, ga naka. Can duk irinka ne."

Zaman a wani ɗaki ake yi, kujerun roba a zagaye, da fanka mai ƙara. Suna bin tsarin Alcoholics Anonymous, wato na mashaya masu taimakon juna su daina sha, wanda mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka fara a garin Akron na Amurka a 1935, mai matakai 12. Ba kuɗin shiga, ba rajista, sunan farko kawai ake faɗi, kuma abin da aka ji a ɗakin a nan ake barinsa. Da Musulmi da Kirista, da mai babbar riga da ɗan acaɓa. Mako uku ina zuwa ban buɗe baki ba, ba wanda ya matsa mini. Wani dattijo ne ya ce mini kada in ɗaukar wa kaina alkawarin har abada, in riƙe na yau kawai, gobe in Allah Ya kai mu a sake. Yau wata 7 ke nan ban sha ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda na yi shekaru ina wucewa ta bakin titin nan ban san akwai irin wannan wuri ba. A ofisoshinmu da yawa, mai lalura irin tamu sai an gama kallonsa daga hula zuwa takalmi kafin a amsa sallamarsa, wani ma sai ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Masallatai da coci-coci suna ta faɗin haramcin giya, gaskiya ne kuma, amma wanda ya riga ya faɗa ciki ba a gaya masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ina roƙon gidajen rediyon Kaduna su riƙa sanar da irin wannan zama da Hausa, ko sau ɗaya a mako.

Mama, Allah Ya saka da alheri, Ya raya zuri'a, ke da duk abokan aikinki. Takardar nan tana cikin aljihuna har yanzu, ranar Asabar mai zuwa kuma zan zo da ƙanen matata.

Naku,
Wani direba daga Kaduna