Koke Ga Mai Girma Hakimi Kan Jabun Sensar Mota Da Ake Sayar Mana

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagacinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara. Mu talakawanka ne, direbobin haya da kanikawa da masu gyaran wayarin na wannan gunduma. Mun san ayyuka sun yi maka yawa, ranka ya daɗe, amma tura ta kai bango.

A makon jiya wani ɗan'uwanmu direba ya ɗauko mace mai naƙuda daga ƙauye cikin dare zai kai ta asibiti, mota ta mutu masa a dokar daji. Batir lafiya, kik yana juyawa, ga mai a tanki, amma babu wuta a filogi. A kan babur aka ƙarasa da baiwar Allah nan, mijinta na tallafe da ita. Allah ya sa ta sauka lafiya, sai dai ba dabarar kowa ba ce. Da gari ya waye aka jawo motar gareji, sai ga shi sensar karanshaf ce, wato na'urar da ke auna juyawar inji, sabuwa fil da ya saya kwanan nan cikin kwali mai tambarin kamfani, a kuɗin orijina. Mai wayarin ya ɗora mata mita tana sanyi, tana karatu daidai. Ya ɗan gasa ta, karatu ya ɓace. Direba ya koma shago da ita a hannu, mai shago ko kallonta bai yi ba, ya ce kayan wuta ba a dawowa da su, wai bakanike ne ya ƙona ta. Mace a bakin mutuwa, amsar da aka ba mu ke nan!

Ranka ya daɗe, wannan magana ta “ba a dawowa da kayan wuta” ita ce rigar da masu jabu suke fakewa a ciki. Motar yanzu ba Fijo 504 mai kafireto ba ce. Birenbos, wato kwamfutar cikin mota, shi ke raba mai da wuta, kuma abin da sensa ta gaya masa shi yake bi. Idan ta salansa mai auna iska ta yi ƙarya, mota ta dinga zuƙar fetur tana baƙin hayaƙi, ga yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Idan ta zafin ruwa ce, fanka ba za ta tashi a kan lokaci ba, gaskit ya ƙone, sai an sauke top silinda.

Masu shago suna cewa mu ne ba mu iya aiki ba. To, a yi mana adalci. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wurin jona kwamfuta. Mun sani sarai idan kwamfutar ta nuna P0335, lambar da ke nuna matsala a ɓangaren sensar karanshaf, ba lallai sensa ce ta mutu ba, layinta take nufi gaba ɗaya. Shi ya sa ake fara duba fiyus, a duba ko ɓera ya ci waya, ko soket ya yi tsatsa saboda wankin inji, ko wayar da ke kama jikin mota ta kwance. Sai an gama wannan ake tura mai mota kasuwa. Ya kawo sabuwa, a ɗaura, fitilar cek, mai nuna akwai matsala a inji, ta ƙi mutuwa. Wa zai zargi sabon abu? Sai a koma kan kwayil, a koma kan birenbos, kuɗi na ta zuba, a ƙarshe mai mota ya ci kwalar bakanike, wani lokaci har ofishin 'yan sanda. Mai shago kuwa yana zaune a inuwa yana ƙirga cinikinsa.

Mun je wurin shugabannin masu kayan gyara, mun koma, mun tura dattawa, an zauna gaban Mai unguwa, an yi alkawari, an shafa fatiha. Shiru kake ji.

Don haka muna roƙonka, Allah ya taimake ka, ka kira su gabanka a soke wannan doka da suka kafa wa kansu. Duk wanda ya sayar da sensa ya ba da rasit mai sunan shago da lambar kayan, da wa'adin da za a iya dawowa da ita. A ware kaya, a gaya wa mutum wannan orijina ce, wannan Beljiyam ce, wannan mai araha ce. Ba mu ce kar a sayar da mai araha ba, talaka na bukatarta, amma kar a saka ta cikin kwalin da ba nata ba. Muna kuma roƙon ka rubuta wa hukumar SON mai kula da ingancin kaya da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, su zo su buɗe kwalayen nan da idonsu. A mayar wa ɗan'uwanmu kuɗinsa har da na jan mota. Kuma batun rasit ɗin nan, ranka ya daɗe, don Allah kar a bar shi a baki kawai, a rubuta, su sa hannu a gabanka.

Sensar tana nan a ajiye da kwalinta, duk ranar da ka ba mu izini za mu kawo ta fada tare da mita a gwada a gaban kowa. Matasanmu sun so su je shagon da kansu, mu muka hana su, muka ce akwai uba a ƙasar nan.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Hakimi imani da yawan rai.

Talakawanka masu biyayya,
Direbobi, kanikawa da masu wayarin na wannan gunduma.