Zuwa ga Abokan Cinikinmu: Ku Kwashe Ajiyarku Tun Waya Tana da Rai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, maza da mata, masu kawo mana gyaran waya da firintin da cike fom, muna gaishe ku da kyau. Allah ya saka da alheri bisa amanar da kuke ba mu, ya ƙara wa kowa buɗi.

Canjin sikirin da gyaran bakin caji duk masu sauƙi ne a wurinmu. Idan babu kayan a shago, yaro zai hau babur zuwa kasuwar waya ta Farm Centre ya dawo da su kafin la'asar. Abin da ke yi mana nauyi a baki shi ne mu dubi mutum mu ce masa abin da ke cikin wayarsa ya tafi, ba zai dawo ba. Hotunan biki, muryar mahaifi da ya rasu, lissafin masu bashi, furojet ɗin ɗalibi da ya rage mako guda ya miƙa. Wannan ya yi yawa a 'yan watannin nan, shi ya sa muka ga ya dace mu rubuto muku.

Da yawanku kuna ɗauka cewa injiniya zai iya ciro komai ko da waya ta mutu. A da akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama, wato daga 2019, suna kulle abin da ke cikinsu da wani mabuɗin sirri da ke haɗe da fanel ɗin wayar, wato babban allon da ke cikinta, da kuma lambar da mai ita yake buɗe ta da ita. iPhone kuwa ta riga su fara haka. Ko mun ciro ma'ajiyar mun ɗora ta a kan wani fanel, ba abin da zai karantu. Sai dai a yi ta fama a farfaɗo da ainihin fanel ɗin, kuma ba kullum ake dacewa ba, musamman idan ruwa ya kwana a ciki. An yi wannan kulle ne don ɓarawo, kuma yana da amfani, sai dai bai san bambancin ɓarawo da mai kaya ba.

Mafita ita ce mutum ya riƙa kwashe ajiyarsa zuwa kwamfuta lokaci zuwa lokaci. Ba aikin masu boko kaɗai ba ne. Idan akwai laftof a gida, ko ta ɗa ce ko ta ƙane, ta wadatar.

A fara da kebul, don nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ba kowane kebul ɗin caji ne ke ɗaukar fayil ba. Wasu, musamman masu araha da waɗanda ke zuwa da fitila ko ƙaramar sifika, wuta kawai suke kaiwa, babu zaren da bayanai za su bi. Sai mutum ya jona, waya ta kama caji, kwamfuta ta yi shiru, ya ɗauka wayarsa ce ta lalace. Kafin ku biya kuɗin mota ku zo wurinmu, ku gwada kebul ɗin da ya zo cikin kwalin wayar. Idan har yanzu shiru, ku haska bakin cajin da fitila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a ciki su daskare har kebul ya kasa zama daidai. A kashe wayar, a sa tsinken sakace na icce a hankali a fito da dattin. Kada a sa allura ko fil. Mun sha canja bakin caji saboda allura.

Idan kebul ɗin na kirki ne, sai a buɗe wayar da lambarta, don kulalliyar waya ba ta nuna wa kwamfuta komai. A jawo saman fuskar wayar ƙasa, za a ga saƙo cewa tana caji ta USB. A taɓa shi, a zaɓi inda aka rubuta “File transfer”. Nan take sunan wayar zai bayyana a kwamfuta cikin “This PC”. Wannan ɗan zaɓin shi ne abin da mutane da yawa suke biyan kuɗi a yi musu.

Hotuna da bidiyon da kuka ɗauka da kanku suna cikin folda mai suna DCIM. Takardun da kuka sauke daga intanet suna cikin Download. Na WhatsApp ne ke rikita mutane, saboda daga Android 11 an canja musu mazauni. Yanzu sai an shiga foldar Android, sannan media, sannan com.whatsapp, kafin a tarar da hotuna da saƙonnin murya da takardun da aka turo muku. Malamanmu masu tara karatu da tafsiri ta WhatsApp, a nan dukiyarku take. Sai dai ku sani, kwafar wannan folda ba ta ba ku rubutacciyar hira yadda za ku iya buɗe ta ku karanta a kwamfuta. Ita hirar tana da tata ajiyar dabam a cikin saitin WhatsApp, wadda ke zuwa Google Drive.

Abu ɗaya da muke roƙonku da babbar murya: ku kwafa, kada ku yanke. Idan kuka yanke fayiloli kuna cikin turawa aka ɗauke wuta, ko yaro ya ja kebul, kuna iya tashi ba wan ba ƙanin. Ku kwafa, ku buɗe wasu daga ciki a kwamfutar ku tabbatar suna buɗuwa, sannan in kuna so ku goge na wayar. Kuma kada a ɗebo hotuna dubu biyar a tashi ɗaya. Hanyar tana yawan cijewa idan kaya ya yi mata yawa, gara a yi ta kashi-kashi, wata bayan wata.

Masu iPhone, ku naku da ɗan bambanci. Wayar za ta tambaya ko kun yarda da wannan kwamfuta, sai kun amsa kun sa lambarku. Daga iPhone 15 da ta fito a 2023 bakin cajin ya koma irin na Android na zamani, waɗanda suka gabace ta kuwa sai nasu kebul ɗin. Hotunanta kuma tun 2017 suna fita ne a wani tsari da ake kira HEIC, wanda wasu kwamfutocin ba sa buɗewa sai an ƙara musu manhaja. Mai son kauce wa wannan ya shiga saitin kyamara ya zaɓi “Most Compatible”.

Wanda ba shi da kwamfuta kwata-kwata, akwai ɗan ƙaramin mahaɗi da ake kira OTG, da shi ake jona filash kai tsaye a bakin waya. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung na yanzu suna karɓarsa, wasu sai an kunna shi a saiti. Amma a nan za mu tsaya mu yi magana a kan jabun filash da memori, don sun cinye wa mutane ajiya fiye da yadda ruwa ya ci. Za a sayar maka da kati an rubuta 64GB a jikinsa, ka sa a waya ita ma ta nuna 64GB, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8GB ba. An yi masa dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya. Kamar buhun da aka cika bakinsa da shinkafa ne, ƙasansa ƙaiƙayi. Za ka yi ta zuba hotuna yana karɓa ba musu, kana ganin sunayensu a jere, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar fanko ne. Babu injiniyan da zai dawo da su, don tun farko ba su sami wurin zama ba. Muna da manhajar da ke cika kati taf ta sake karanta shi don gano ainihin girmansa. Duk wanda ya sayi sabo, ko a ina ya saya, ya kawo mu gwada masa kafin ya ba shi amana. Yana ɗaukar lokaci, don haka a zo da haƙuri.

Wasu za su ce ai Google na ajiye musu komai. Gaskiya ne, idan an kunna. Amma kyautar da yake bayarwa 15GB ce, kuma Gmail da Drive da Photos duk a cikinta suke ci. Daga 2024 ajiyar WhatsApp ma ta shiga cikin wannan lissafi. Ta iCloud, wato ma'ajiyar masu iPhone, kuwa 5GB ce kacal. Bidiyon biki biyu ko uku sun isa su cika ta, kuma idan ta cika sai ajiyar ta tsaya, mai waya bai lura ba. Ga kuma matsalar da ta fi wannan: mutum ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa Gmail a tsaye, ya tafi bai san adireshin ba balle lambar sirrin. Tun 2015 wayar Android idan aka wanke ta da ƙarfi, sai ta nemi asusun da ke kanta a baya kafin ta buɗe. Don Allah yau ɗin nan ku duba adireshinku, ku tabbatar kun san lambar sirrin, ku rubuta a takarda ku adana inda kuke adana takardun gida. Ku danna *#06# ku rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a gefe, za ta yi amfani wurin 'yan sanda idan aka yi sata.

Ɗalibai da ma'aikata masu jona laftof da datar waya, ko ta hotsifot ko ta kebul, kukan da kuke kawo mana iri ɗaya ne: an sa data da safe, kafin azahar ta ƙare. Sau da yawa ba kamfanin layi ba ne. Windows ce, da zarar ta ga intanet sai ta hau sauke sabuntawa ba sallama. Ku shiga saitin hanyar sadarwa a kwamfutar ku kunna “Metered connection”, za ta rage haɗama. Jonawa ta kebul ta fi mana, don wayar na shan caji a lokaci guda, kuma maƙwabci ba zai hau ba.

Saura batun WhatsApp a kwamfuta, wanda ya shafe mu kai tsaye. Da yawa idan sun zo firintin sai su buɗe WhatsApp ɗinsu a kwamfutar shago, su karɓi takarda su tafi. Wannan haɗin ba ya yankewa don kun bar wurin. Ko wayarku na kashe, wanda ya zauna bayanku zai iya karanta hirarku, har ya tura saƙo da sunanku. Daga yau mun daina yarda da wannan a kwamfutocinmu. Mai son firintin ya turo takardar zuwa layin shago, za mu buga mu goge a gabansa. A turo ta a matsayin “Document”, don idan aka turo ta a matsayin hoto WhatsApp na matse ta, rubutun silif ɗin NIN ko sakamakon WAEC ya fito dishi-dishi. Ku kuma shiga “Linked devices” a wayarku yanzu, duk na'urar da ba ku gane ba ku fitar da ita.

Haka nan filash ɗin da ya zaga kafe-kafe, sai mun duba shi kafin ya shiga kwamfutarmu. Ƙwayar cutar kwamfutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi, wato “shortcut”, a madadinsu har yanzu tana yawo. Idan ta kama naku kada ku yi gaggawar wanke shi, yawanci fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi.

Game da amana, ga tsarin da muka tsayar. Ba za mu kwashe kayan wayar kowa a bayan idonsa ba. Mai ita zai zauna, shi zai buɗe ta da hannunsa, kayan su tafi kai tsaye cikin filash ɗinsa ko laftof ɗinsa, ba za mu bar kwafi a wurinmu ba. Gyaran sikirin ko batir ko bakin caji ba ya buƙatar lambar sirrinku, in an gama ku buɗe mu gwada tare. Ku cire layi da memori kafin ku bar waya, don layin nan shi ne ƙofar asusunku na banki. Iyayenmu mata da matan aure da ba sa son zama cikin maza, akwai 'yar'uwarku a cikin ma'aikatanmu, ita za ta zauna da ku. In kuma aike za a yi, a aiko wanda aka yarda da shi. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, amma ko babu ita mun san hoton iyalin wani ba abin kallonmu ba ne. Wayar da aka kawo a cire mata kulle kuma, sai da rasit ko kwalinta. Mun san wannan zai ɓata wa wasu masu gaskiya rai, a yi mana uzuri, satar waya a garin nan ba ɓoyayyen abu ba ne.

Duk ranar Asabar daga ƙarfe 10 na safe zuwa kiran sallar azahar mun ware benci ɗaya don koyar da wannan aiki, kyauta. Ku zo da wayarku da cajinta, da kebul ɗinta, da filash ko laftof. Ku za ku riƙe linzamin da hannunku, mu namu nuni ne, har sai kun yi da kanku. Dattawan da ido ya fara gajiya, Baba ko Hajiya, a taho da jika ɗaya mai natsuwa mu koya masa, ya riƙa yi muku a gida duk ƙarshen wata.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya bar zumunci.

Wassalam,
Naku, mai shago da dukkan ma'aikata.