Wasiƙa daga Lahor

Lahor, Pakistan
12 ga Nuwamba, 2024

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Na san ka ƙullace ni, wata huɗu ba na ce maka komai sai "lafiya lau" a WhatsApp. Yi haƙuri. Yau dai tari ya zaunar da ni a ɗaki, shi ya sa na sami sukunin zama in ba ka labari.

Tarin nan ba mura ba ce, iskar gari ce. Ka san hazon hunturu na gida? To haɗa shi da hayaƙin taya, ka rufe gari da shi. Masu auna gurɓatar iska sun ce in ma'auni ya wuce 300 an shiga haɗari, mu kuwa a farkon watan nan sai da ya haura 1,000. An rufe makarantun yara, kowa da takunkumi a fuska. Hayaƙin motoci ne da na wuraren toya jan bulo, ga manoma suna ƙona karan shinkafa don su shuka alkama, nan da can tsallaken iyaka. Amritsar ta Indiya ba ta fi kilomita 50 daga nan ba, hayaƙi kuwa ba ruwansa da biza.

Ka tambaye ni ko garin yana kama da Kano. Sabon gari bai yi ba, amma cikin birni, wallahi ran da na fara shiga ta Ƙofar Delhi sai na ji kamar na kutsa Kurmi ta baya. Lungu ne wanda in mai babur ya taho sai ka manne da bango. Ga masu kayan yaji, ga masu gurasa suna manna ta a cikin tanderu kamar yadda matan Jakara suke yi, sai dai nan maza ne. Birnin ƙofa 13 gare shi a da, saura ƴan kaɗan a tsaye, ganuwar kuma Turawan Ingila sun rushe ta bayan sun ƙwace garin a 1849. Farfesun kai da ƙafa shi ne karin kumallonsu, tun asuba, a kora da kindirmo da aka kaɗa da sukari. Na ƙara ƙiba, kada ka yi dariya.

A can na yi aboki, wani dattijo mai sayar da shayi kusa da Masallacin Wazir Khan. Kowa "Caca" yake ce masa, wato baffa. Da na gaya masa abin da caca take nufi a Hausa, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce ai zaman cikin birni yanzu cacar ce. Masallacin nan tun zamanin Sarki Shah Jahan ne, an fara shi a 1634, jikinsa duk ado ne na tangaran shuɗi da rawaya da rubutun Alƙur'ani. Hukumar da aka kafa a 2012 don kula da tsohon birni ta gyara hanyar da ta taso daga Ƙofar Delhi, an binne wayoyin lantarki a ƙasa, an farfaɗo da gidan wankan sarauta na 1635. Aikin ya yi kyau, ba na musu. In na tuna yadda ake yankar badala a gida ana dasa shaguna, kunya takan kama ni.

Amma Caca ya ja hannuna wata rana ya ce in ɗaga kai. Benaye ne hawa uku hawa huɗu, da tagogin katako masu sassaƙa, rabinsu a kulle. Ya dinga nuna mini: wannan gidan sun koma sabuwar unguwa, wancan suna Dubai, wancan kuma ƴan kasuwa sun saya sun cika shi da kwalayen takalma. Ya ce da can in aka yi rasuwa a lungun, kwana uku ba a ɗora tukunya a gidan mamaci, maƙwabta ne ke ciyar da su. Yanzu fa? Ya ce kwali ba ya kawo abinci. Ɗansa ma ya tashi, yana can bakin gari inda ake yin rukunin gidaje masu katanga da mai gadi. A ɗaya daga cikin irin waɗannan unguwanni, Bahria Town, har kwaikwayon hasumiyar nan ta birnin Faris aka gina, mutane na zuwa ɗaukar hoto.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da aka kawo masa jikansa, yaro ɗan shekara bakwai da jakar makaranta. Kakan ya yi masa magana da Punjabi, yaron ya amsa da Urdu, ya haɗa da Turanci. Kakan ya sake, yaron ya sake. Da uban ya zo ɗaukarsa na tambaye shi dalili, sai ya ce mini, ba tare da ya ji komai ba, Punjabi yaren gida ne da na wasa da na faɗa, ba ya kai yaro ofis. Ka duba fa, wannan shi ne harshen da ya fi kowane yawan masu magana a Pakistan, kuma Lahor ce hedkwatar lardin Punjab, amma da Urdu da Turanci ake koyar da yara. Harshen da su Bulleh Shah da Shah Husaini suka yi waƙoƙin sufanci da shi, har yau ana rera su a wuraren ziyara. Suna da rubutunsu da baƙaƙen Larabci kamar ajaminmu, Shahmukhi suke ce masa, amma da yawa daga abokan karatuna da suka tashi da harshen a baki sun ce ba su taɓa karanta littafi guda da shi ba. Na yi shiru ina tuna ƴaƴan yayanka da suka zo hutu daga Abuja, waɗanda Hajiya ta gaishe su suka tsaya suna kallon bakinta. Mu muna ganin Hausa ta fi ƙarfin haka, ga rediyo ga fina-finai ga littattafai. Su ma ai suna da waƙa da fim. Ni dai tun ranar na daina yi wa masu gyara gini kallon waɗanda suka gama aiki.

Kada ka ce komai ya mutu. Je ka Data Darbar daren Juma'a, hubbaren Shehu Ali Hujwiri wanda ya rasu kusan shekara dubu da ta wuce, ka ga taro. Ana rabon shinkafa da wake dare da rana, ba a tambayar kowa daga ina yake, kuma attajirin da ya zo da babbar mota shi ne zai sayi tukunya guda ya ce a raba. Jikin Masallacin Badshahi, wanda Sarki Aurangzeb ya gama a 1673, ga kabarin Ranjit Singh, sarkin mabiya addinin Sikh da ya kama garin a 1799, masu addinin suna zuwa ziyara daga Indiya duk da rabuwar Indiya da Pakistan a 1947. Jirgin ƙasan zamani da ƴan Sin suka gina, wanda aka buɗe a 2020, yana bi ta sama ya wuce gaban tsohon lambun sarauta na Shalimar, kuma sai da aka kai har Kotun Ƙoli kafin a bar shi ya bi ta wajen. Ina hawansa, akwai sanyi, akwai arha, ba zan yi maka ƙarya ba.

Abu ɗaya ne Caca ba ya iya magana a kansa sai idonsa ya kawo ruwa, wato Basant. Biki ne na ƙarshen sanyi, a watan Fabrairu, lokacin da gonaki suke yin fure rawaya. Kowa ya sa rawayan kaya ya hau saman bene, a saki takardu masu launi a sama da dogon zare, patang suke ce musu, kowa na ƙoƙarin tsinke zaren ɗan'uwansa. Gasa ta sa aka fara shafa wa zare garin kwalba, wasu har da waya, yana yanke wuyan masu babur a titi, rayuka suka salwanta. Aka hana a 2007. Shi yana ganin da masu mugun zaren aka kama, ba bikin ba. Ni na ce masa ran mutum ya fi wasa, muka yi ta musu har shayina ya huce. Daga ƙarshe ya shiga ciki ya fito da wani tsohon patang da ya adana a bayan kabad, takardar duk ta ƙoƙe, ya miƙa wa jikan. Yaron ya jujjuya shi, ya tambaya da Urdu ina ake kunna shi.

Tarin ya taso, bari in tsaya nan. In ka sami mai tahowa, don Allah a haɗo ni da yaji da kuka da daddawa, kilishi kuma in za a bar shi ya wuce filin jirgi. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a, jarrabawa sai watan gobe. Ka shafa mini kan yara, kuma ka gaya mini gaskiya, da wane harshe suke amsa maka?

Wassalam,
Naka har kullum.