Ina za mu kai kan sarkin da muka tara?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan abin da ban taɓa ganin an taɓo shi a shafin wasiƙu ba, wato makomar kan sarkin da wasunmu suka shafe shekaru suna tarawa. Masu wannan sha'awa a Bauchi ba mu da yawa, kuma duk wanda na sani a cikinmu furfura ta cika masa kai. Kirana shi ne duk mai irin wannan ajiya ya rubuta abin da ke cikinta, ya kuma yanke inda za ta tun yana da ransa da hankalinsa. Hukuma kuma ta samar mana wurin da za mu kai.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na fara tara kan sarki tun ina firamare, daga ambulan da mahaifina, wanda akawu ne a En'e, yake dawowa da su gida. Daga baya na ƙara da na abokan wasiƙa, da amsoshin da gidajen rediyon ƙasashen waje suke aiko wa masu sauraro, da wasiƙun alhazai daga Makka, da na danginmu da suka zauna a Sudan, da na fataken goro daga Kumasi. Yanzu suna cikin albam-albam da ambulan a adaka biyu ta ƙarfe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a daminar da ta wuce. Rufin ɗakin da nake ajiya ya yi yoyo cikin dare, yara suka yi ta maza suka kwashe kayan zuwa wasu ɗakuna, Allah ya yi musu albarka, don ba abin da ya jiƙe. Ba a daɗe ba aka yi bikin jikata, aka sake matsar da kaya saboda baƙi. Da ƙura ta lafa na zauna in mayar da kowane abu mazauninsa, sai na nemi abu biyu na rasa. Ɗaya ƙaramar ambulan ce ruwan ƙasa mai ɗauke da kan sarkin Arewa na kafin 1914, a cikinsu akwai na kwabo mai hoton Sarki Edward na Bakwai da hatimin Zungeru a kansa, lokacin da can ne hedkwatar Gwamna. Ɗayan kuwa ambulan wasiƙa ce da aka aiko wa mahaifina a 1959, shekarar da Jihar Arewa ta samu mulkin kai, mai kan sarkin taro da hoton Majalisar Lugard ta Kaduna. Ta biyun ta fito daga baya a tsakanin shafukan wani tsohon ƙamus, inda wani daga cikin yaran ya sa ta don kada ta lanƙwashe. Ta farkon har yau ba ta fito ba. Na tabbata tana cikin gidan, ba wanda ya ɗauka.

Neman ne ya buɗe mini ido. Duk mutanen gidan sun so su taya ni, amma ba wanda ya san kamannin abin da ake nema. Ɗana, mutum mai digiri, ya zo mini da tafin hannunsa cike da kan sarkin Gana yana tambaya, “Baba, ko waɗannan ne?” Ba laifinsa ba ne, don shi bai taɓa lasar bayan kan sarki ya manna a wasiƙa ba. A nan na gane cewa tsarin ajiyar nan gaba ɗaya a kaina yake zaune. Ni kaɗai na san abin da ya sa wannan ambulan take kusa da waccan, da wanda ya aiko ta, da abin da ya bambanta kan sarki biyu da ido zai ce iri ɗaya ne. Idan haka abin yake ina raye ina cikin gidan, ranar da ba na nan fa?

Na riga na ga amsar a gidan wani abokina, tsohon ma'aikacin gidan waya, Allah ya jiƙansa. Ajiyarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Da na je bayan sadakar arba'in na tambayi iyalinsa, sai suka ce ai takardun an share su, wasu an ba mai ƙosai, adakar kuma 'yan gwangwan sun saya. Mutanen kirki ne, ba su yi don wulaƙanci ba. Ba a taɓa gaya musu komai ba ne, kuma a idon wanda bai sani ba tsohuwar ambulan shara ce.

Wani zai ce mene ne abin baƙin ciki a kan 'yan takardun da ba su kai faɗin yatsa biyu ba. To, bari in faɗi abin da ke jikinsu. Ingila ce ta fara buga kan sarki a 1840. Legas ta samu nata a 1874, Arewa a 1900, Kudu a 1901, sannan aka fitar da mai sunan Nijeriya kaɗai a 1914 bayan an haɗe ƙasar. Wanda ya jera waɗannan a shafi ɗaya ya nuna wa yaro yadda aka ƙulla ƙasar nan ba tare da dogon bayani ba. Jerin da aka fitar a 1953, farkon mulkin Sarauniya Elizabeth, shi na fi amfani da shi a aji. Na kwabo yana da mahaya dawakin Barno, na ahu gyaɗa, na kwabo biyu haƙar kuza, na taro gadar Jebba, na sule goma kuma fatu da ƙiraga. Ina ɗora na kuzar a tafin hannun yaro in gaya masa cewa ƙasar Jos da ake wannan haƙa tana cikin Lardin Bauchi har zuwa 1926, sai ka ga idonsa ya buɗe. Ga na 'yancin kai na 1960. Ga waɗanda Biyafara ta buga sunanta a kansu a 1968 lokacin yaƙin basasa. Da aka koma naira da kwabo a 1973, sabon jerin ya zo da dabbobin Yankari a kan na kwabo 10, da bikin kamun kifi na Argungu a kan na kwabo 30. Na kwabo 10 ɗin nan ya zagaya duniya da sunan dajinmu a jikin wasiƙun talakawa. Sai na tunawa da Janar Murtala a 1977. Har takardun cinikin gida da na gona na da, kan sarki ake mannawa a sa hannu a kansa.

Amma abin da ya fi kan sarkin kansa daraja a wurina shi ne hatimin da gidan waya ya buga a kai. Shi ne yake faɗin gari da rana. Ambulan da ta taso daga Azare ko Misau ko Gombe, da hatimin inda ta bi a bayanta, tana gaya maka kwana nawa wasiƙa take yi a hanya a wancan zamani, kafin jirgin ƙasa ya iso mana da kuma bayansa. Saboda haka ina roƙon duk wanda ya tarar da tsofaffin wasiƙu a kayan iyayensa kada ya yage kusurwar, kada kuma ya jiƙa ta a ruwa don ya ɓamɓare kan sarkin. Da zarar an raba shi da ambulan ɗinsa, rabin labarin ya tafi.

Akwai wani haɗarin da yake kishiyar sharewa, kuma shi ma yana damuna. Matasa suna karanta a intanet cewa an sayar da kan sarki guda na ƙasar Giyana, wanda aka buga a 1856, a kan dala miliyan 8.3 a 2021. Gaskiya ne. Mu ma nan Arewa muna da namu mai tsada, na fam 25 da aka fitar a 1904, wanda 'yan kaɗan ne suka rage a duniya. To amma irin waɗannan ba su ne ke cikin adakokinmu ba. Yawancin abin da muka tara an buga shi ne da ɗimbin yawa, kuma ko a kasuwar Landan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Farashin da ake gani a kundin Stanley Gibbons, dillalan kan sarki na Ingila, na wanda ba shi da aibi ne ko kaɗan, kuma farashin da dillali yake sayarwa ne, ba wanda yake saya ba. Idan haƙori ɗaya na gefen ya karye, ko danshi ya bar masa ɗigon tsatsa, ko an taɓa manna shi da gam ko salatif, daraja ta faɗi. Magadan da ba su san wannan ba za su iya zargin juna a kan dukiyar da babu ita, zumunci ya lalace a banza. Ko kuma wani mai wayo ya zo ya sayi adakar duka da kuɗin cefane, ya tsince 'yan ƙalilan masu daraja ya watsar da saura. Masu ƙiyasta kayan gado a wurinmu sun san kuɗin gida da gona da shanu, amma wannan ba fanninsu ba ne.

Don haka na sayi babban littafi mai layi na fara rajista. Kowane albam na ba shi lamba, kowane shafi na rubuta abin da ke kansa, da inda na same shi, da ko yana da wata daraja ta kuɗi ko ta tarihi ce kawai. Abin da na ciro don in duba ko in nuna wa baƙo, ina sa 'yar takarda a gurbinsa har ya koma. Jikata tana ɗaukar hoton kowane shafi da wayarta, kuma a wajen wannan aiki ne ta fara tambayata su wane ne mutanen da ke jiki. Ta koyi ɗaukarsu da hantsaki maimakon yatsa. Albam ɗin a tsaye nake jera su yanzu, don idan aka ɗora su kan juna nauyi da danshin damina suna sa su manne. Adakar tana kan bulo saboda gara, kuma ba na sa komai a leda, don leda tana gumi.

Na kuma je wurin malaminmu na unguwa na tambayi hukuncin abin. Ya tuna mini cewa wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji. Kyauta kuwa sai an damƙa ta a hannun wanda aka ba tun mai ita yana raye take tabbata. Wannan ya sa na ga babu amfanin jira. Wasiƙun gida, na mahaifina da na 'yan Sudan masu rubutun ajami, zan miƙa su da hannuna a gaban shaidu ga wadda na ga tana da ƙaunarsu, don akwai sirrin dangi a cikinsu da bai kamata ya fita ba. Na ƙasashen waje da waɗanda nake da su bibbiyu zan raba wa 'yan makaranta. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne babban jerin na Nijeriya, daga na Arewa har zuwa na naira da kwabo, da ambulan masu hatimin garuruwanmu. Ba na son a rarraba shi, don jeruwar ce amfaninsa. Ba na kuma son ya bar Bauchi.

A nan nake neman taimakon hukuma. Na san akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, akwai kuma Gidan Arewa, amma ɗan firamare na Kobi ko Jahun ba zai je Kaduna kallon kan sarki ba. Muna da wurin adana kayan tarihi a kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda makarantu suke kai ɗalibai ziyara. Muna da ɗakin karatu na jiha da na jami'a. Ɗaya daga cikinsu ya ware kabad mai gilashi da makulli a ɗaki marar danshi, a sa ma'aikaci guda ya koyi kula da su. Abin da mai bayarwa yake bukata kaɗan ne: takardar shaidar karɓa mai lissafin abin da ya kawo, da alkawari a rubuce cewa ba za a sayar ba, ba kuma za a rarraba ba. Idan babu wannan takarda, ba wanda zai saki abin da ya yi shekara hamsin yana tattali. Hukumar NIPOST, wadda ta gaji aikin gidan waya a 1985, tana da sashen masu tara kan sarki, kuma tana bikin Ranar Gidan Waya ta Duniya kowace 9 ga Oktoba. Ina roƙon ofishinta na Bauchi ya gayyace mu a wannan rana mu baje abin da muke da shi, ko da a kan tebur biyu ne, mutane su gani.

Ga 'yan'uwana masu wannan sha'awa a Bauchi da Gombe da Azare, da iyalan da suka gaji adaka ba su san abin da za su yi da ita ba, na bar lambar wayata a wurin Edita. Wanda ya kira zan zo har gida in duba masa, in taya shi rubuta rajista, ba tare da ko sisi ba, muddin ƙafa tana iya kai ni.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Jahun, Bauchi.