Godiya ga Ofishin Masu Jinyar Gida da Suka Riƙe Mana Inna

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugabar ofis da ma'aikatanta, musamman malamar jinyar da kuka turo gidanmu.

Ranar da aka sallamo Inna daga Asibitin Malam Aminu Kano bayan shanyewar ɓarin jiki, mun dawo gida da ledar magani da katin ganin likita, amma a cikinmu babu wanda ya iya ɗaga ta daga katifa. Ni koyarwa nake yi, ƙanena yana kasuwa. Da aka kawo shawarar a ɗauko mai jinya, ni na fara ƙi, gudun kada a ce 'ya'yan Hajiya sun gaza da uwarsu.

Ashe koya mana jinyar za a yi. Malama ta nuna mana yadda ake juya Inna duk bayan awa 2, a duba ƙugu da diddige, domin tabon da ya ƙi gushewa a wurin shi ne mafarin gyambon kwanciya. Ta hana mu jan hannun da ya shanye wajen ɗagawa, kada kafaɗa ta goce. Abinci kuwa sai an zaunar da ita sosai, kunu mai kauri, cokali ɗaya-ɗaya, saboda mai ruwa-ruwa ya fi saurin ƙware ta ya gangara huhu. Awon hawan jini safe da yamma duk yana cikin wani ɗan littafi, shi muke kai wa likita.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne sutura. Inna mace ce mai kunya, ko mu ba ta yarda mu ga kanta babu ɗankwali. Malama ba ta taɓa fara yi mata wanka ba sai ta tura ƙofa, ta lulluɓa mata zani, ta durƙusa ta ce, "Hajiya, zan ɗaga ki, kin shirya?" Sai Inna ta gyaɗa kai tukuna. Ita ce kuma ta sa muka juya gadon ya fuskanci alƙibla, don kada salla ta zame mata wahala.

Ranar da malama ba ta da lafiya, tun da asuba kuka kira, kuka turo wata wadda ta riga ta san tsarin maganin.

Makon jiya Inna ta riƙe kofi da kanta, ta kuma taka da sanda har bakin ƙofar ɗaki. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan iyayenku.

Taku,
'Yar Hajiya, Kano